Iska Ba Ta Ƙyasta Ashana: Mu Daina Laƙaba Wa Ƙaddara Gobarar Dajin Nguru Da Gashuwa



Na san wannan rubutu ba zai yi wa wasu daɗi ba, kuma cikin waɗanda zai ɓata wa rai akwai abokaina da muka yi wasan ƙasa tare. Amma gara a ji haushina yanzu da kaka, da a ce sai watan Janairu mu haɗu a ƙofar gidan wani muna yi masa jaje.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. Shekaru uku da suka wuce, wani kawuna da yake noma a wani ƙauye tsakanin Nguru da Jajimaji ya samu damina mai kyau. Ya yanke geronsa, ya ɗaure, ya tara a gona yana jiran amalanke. Harawar wakensa ma tana nan a jibge, da karan da yake shirin ciyar da shanun huɗarsa biyu har ruwa ya sauka. Wata ranar Asabar da hantsi, iskar hunturu tana kaɗawa, sai aka hango hayaƙi ta arewa maso gabas. Kafin mutanen ƙauyen su sheƙo da ganye da shebur, wutar ta riga ta ƙetare gonaki huɗu. Kawu ya tsira da dami 11 cikin sama da 60. Da bazara ta yi tsanani ya sayar da shanun nan biyu a ramammu, ya sayi hatsi. Har yau da nake wannan rubutu bai mayar da su ba, da fartanya yake noma, ga shi ya haura shekara 60.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, babu wanda bai san waɗanda suka sa wutar ba. Samari ne biyar da karnukansu, suka cusa wuta a ramin gafiya. Da aka zauna a gaban manya, maganar ba ta wuce minti goma ba. Aka ce a yi haƙuri, ƙaddara ce, iska ce ta kawo, kuma duk gida ɗaya ne. Aka shafa fatiha aka tashi. Wanda ya yi asara shi aka ɗora wa nauyin haƙuri, waɗanda suka jawo asarar ko tsawa ba a yi musu ba.

To ni tambayata ga jama'ar Nguru da Bade da Karasuwa da Machina da Yusufari da Jakusko ita ce: tun yaushe iska ta fara yawo da ashana a aljihu?

ABIN DA ISKAR TAKE YI

Ban raina iskar ba. Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya san hunturunmu ba irin na Zariya ko Abuja ba ne. Mu ne a bakin ƙofa. Masana sun nuna cewa mafi yawan ƙurar da take rufe mana rana tana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin ƙasar Chadi, wato busasshen gindin tsohon Tafkin Chadi, inda iska take matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta fito da ƙarfi. Daga can ta nufo kudu maso yamma, ta ratsa Nijar, kuma a Najeriya mu ne cikin waɗanda take fara yi wa sallama. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris haka muke. Laimar da ke cikin iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Shi ya sa leɓe yake tsagewa, kaushi yake fashewa, wankin da aka shanya yake bushewa kafin a gama ɗauraye na biyu. Abin da iskar take yi wa leɓenka, shi take yi wa ciyawa da kara da zana da jinka.

Kuma kowa ya lura da lokacinta. Da asuba takan yi luf, sai rana ta ɗaga, da hantsi, ta taso da ƙarfi har wajen azahar. Wannan shi ne daidai lokacin da samari suke fita farauta, manomi yake zuwa sharar gona, mai gawayi yake buɗe raminsa. Idan wuta ta haɗu da iskar hantsi, ba a ƙasa kawai take tafiya ba. Tartsatsi ne yake tashi sama, iska ta ɗauke shi ta jefa gaba, sabuwar wuta ta kama a can kafin ta baya ta iso. Shi ya sa take tsallake hanyar mota kamar ba a yi ta ba. Idan kuma ta samu tudu, irin tuddan yashi na ƙasar Yusufari masu ciyawa a gindi, hawa take yi da sauri fiye da yadda take tafiya a fili.

Akwai kuma abin da mutanenmu ba sa so su ji: shekarar da aka fi samun ruwa ita ce shekarar da aka fi haɗarin gobara. A nan damina wata uku ce ko huɗu, sauran watannin duk rani ne. Idan ruwa ya yi yawa, kamar yadda muka gani a shekarun ambaliya na 2022 da 2024, daji yakan cika da ciyawa har inda aka daɗe ba a ga tsiro ba. Muna murna, kuma abin murna ne. Amma daga Oktoba duk wannan ciyawa ta zama makamashi, shimfiɗe tun daga bayan gari har kan iyaka.

Wanda yake ganin talauci ne kawai yake sa wuta ta fi ƙarfin mutane, ya tuna abin da ya faru a Amurka. Ranar 7 ga Janairun 2025 gobarar daji ta tashi a gefen birnin Los Angeles. Su ma suna da tasu iskar, busasshiya, mai fitowa daga hamada ta arewa maso gabas, suna kiranta Santa Ana. Takan gangaro daga kan duwatsu ta faɗa wa unguwannin da ke gindinsu, kuma a wancan karon gudunta ya kusa kilomita 160 a awa ɗaya a wasu wurare. Su ma sun yi shekaru biyu na ruwa mai yawa, ciyayi suka cika tsaunuka, sannan fari ya biyo baya. Mutum kusan 30 suka mutu, gine-gine sama da 16,000 suka ƙone. Ƙasar da take da jiragen sama na kashe gobara ke nan, amma a daren farko iskar ta hana jiragen ma tashi. To ina ga mu, da idan wuta ta kama a ƙauye sai dai a yi ta bugu da reshen sabara? Hausawa suka ce idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ba mu da manyan duwatsun da za su matse iska, amma kuma ba mu da abin da zai tare ta. Fili ne fetal, sai inda ta gaji.

Duk wannan gaskiya ne. Amma a watan Disamba babu hadari a sama, babu tsawa, babu walƙiya. Ciyawa ba ta kama da wuta don kanta. Duk gobarar dajin da ka gani da hunturu a ƙasar nan, akwai hannun ɗan Adam a farkonta.

HUJJOJIN MASU SA WUTA

Na zauna da masu wannan aiki, na ji hujjojinsu, kuma zan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Manomi ya ce toka taki ce. E, akwai ɗan amfani a toka. Amma sinadarin da gero da dawa suka fi buƙata, wanda muke sayen buhun yuriya da tsada saboda shi, hayaƙi yake bi ya tafi idan aka ƙona kara da ganye. Tokar da ta rage kuwa, a ƙasar yashi da iskar hunturu, kwana nawa take yi a gonar? Ka ƙone a Disamba, ruwa sai Yuni ko Yuli. Wata shida iska tana sharar gonarka. Karan da ka bari a kwance shi yake riƙe rairayi, shi gara take ci ta mayar ƙasa, shi dabba take ci ta bar maka kashi. Ka ƙone abin da yake rufe wa gonarka asiri, sannan ka dawo kana kukan ƙasa ta mutu.

Wani ya ce ana ƙone daji ne don sabuwar ciyawa ta tsiro. Wannan dabara ce da aka aro daga wata ƙasa. A kudu da mu, inda ruwa yake da yawa kuma ciyawar irin su gamba ce mai saiwa da take rayuwa shekara da shekaru, idan aka ƙone takan sake toho. Amma yawancin ciyawar dajinmu, irin su ƙarangiya, 'yar shekara ɗaya ce. Ta zubar da irinta ta mutu. Idan ka ƙone ta a Nuwamba, babu abin da zai fito sai damina. Abincin dabbobi na wata bakwai ka mayar toka cikin awa biyu, har da wani ɓangare na irin da zai tsiro baɗi.

Mutanen fadama suka ce kachala ce ta dame su. Wannan kuka ne na gaskiya, kuma ba na wasa da shi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan Kogin Haɗeja ta canza, kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta zama masaukin jan-baki. Wanda yake zaune a bakin Tafkin Nguru ko mashigar Marma ya fi ni sanin wannan. Amma shekara nawa ana cinna mata wuta, ta ragu? Ƙarfin kachala yana cikin saiwarta da ke ƙarƙashin taɓo, inda wuta ba ta kaiwa. Ka ƙone samanta, ta sake fitowa kore shar. Abin da aka gwada aka ga yana kashe ta shi ne a yanke ta ƙasa da saman ruwa, ruwan ya shanye kututturen ya hana shi numfashi. Aiki ne mai wuya, shi ya sa ake gudunsa a ɗauki ashana. Wutar kachala kuwa ba ta tsayawa a kan kachala. Harshenta dogo ne, tartsatsinta mai tashi ne, kuma kusa da ita akwai tarin shinkafar wani, da bukkar masunci, da komarsa.

Sai mafarauta, waɗanda su ne suka fi ba ni haushi. Suna cewa al'ada ce, tun kaka da kakanni. Farauta al'ada ce, na yarda. Amma farautar da muka ji labari tana da sarkin baka, tana da lokaci, tana da dokoki, kuma maharbi na gaske yana alfahari da bin sawu da iya harbi. Abin da ake yi yanzu, yara goma da karnuka su kewaye daji su banka masa wuta don gafiya uku da zomo ɗaya, wane kakan ne ya bar mana wannan? A lissafa mana: nawa ne kuɗin gafiya, nawa ne kuɗin damin gero, nawa ne buhun harawa a watan Afrilu? Wanda ya ce talauci ne ya sa shi, to wanda ya ƙone wa gona attajiri ne?

Akwai sauran. Mai ɗiban zuma da ya jefar da bakin wutarsa a gindin bishiya ya tafi. Mai gawayi da ya sare itacen, sannan ya bar rami da garwashi. Direba ko fasinja da ya wurgo guntun taba ta taga a hanyar Nguru zuwa Gashuwa. Matafiyi da ya dafa shayi a gindin aduwa bai rufe wutar da ƙasa ba. Kowannensu zai ce ai 'yar ƙarama ce. Duk gobarar da ta taɓa cin gari, 'yar ƙarama ce a farkonta.

A DAINA ƊORA WA BAƘO

Wata ɗabi'a da muke da ita: da an ga hayaƙi sai a ce Fulani ne. Ban ce babu makiyayin da ya taɓa barin wuta a mashekari ba, akwai. Amma mu yi wa kanmu adalci. Wa ya fi makiyayi asara idan daji ya ƙone? Ciyawar nan ita ce rumbunsa. Idan ta tafi, ina zai nufa da garkensa? Fadama zai gangaro, inda ake noman rani, inda alkama da albasa da tattasai suke kore. Daga nan sai ɓarna, sai sanda, sai adda, sai ofishin 'yan sanda, wani lokaci sai makabarta. Rigimar manomi da makiyayi da za a yi a watan Maris, sau da yawa an kunna ta tun Disamba, kuma wanda ya kunna yana gida yana cin naman gafiyarsa. Duk mai son zaman lafiya a ƙasar Bade da Nguru, to ya fara da tsare ciyawar daji.

Sannan a dubi itatuwa. Babbar goruba takan jure wuta, amma 'yar kaba da ƙananan tsiron gawo da aduwa da magarya da bagaruwa ba sa jurewa. Dakwara, wadda ake tsaga ta da rani a samu ƙaro, wuta tana taɓa ɓawonta an yi asarar shekara, wani lokaci an yi asarar bishiyar. Matan da suke saƙa tabarma da faifai da kaba, su ma an taɓa abincinsu. Muna ta kukan hamada tana cinye ƙauyuka a arewacin Yusufari, rairayi yana binne gonaki da kwarurrukan da ake samun kanwa da dabino. Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa a 2007, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015, Yobe tana cikin jihohi 11 da aka sa a gaba. Ana raba dashe, ana ɗaukar hoto. Amma wane amfani dashen watan Agusta zai yi idan za a babbake shi a Janairu? Kuma idan farkon damina ya zo, guguwa ta taso daga gabas ta kwashe kwanon makarantu da gidaje, sai mu sake cewa ƙaddara. Bishiyar da za ta rage mata ƙarfi, mu muka ƙone ta tun tana tsiro.

Ko dajin Dagona da muke alfahari da shi, wanda tsuntsaye suke tasowa tun daga Turai su yi hunturu a cikinsa, wanda mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya zo gani a 1989, da dausayin Nguru da aka sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2000, duk wannan suna ba zai hana su ci da wuta ba.

MAGANAR ƘADDARA

Yanzu ga inda na san za a fi yi min ca. Za a ce wannan mutum yana ja da ƙaddara. Ina neman tsarin Allah daga haka. Na yi imani babu abin da yake faruwa sai da sanin Allah da ikonSa. Amma addinin da ya koya mana imani da ƙaddara, shi ne ya koya mana lamuni, wato wanda ya ɓata dukiyar wani ya biya. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW) sai ya gargaɗi mutane cewa wuta abokiyar gaba ce, ya umarce su da kashe ta kafin su yi barci. Bai tsaya a jaje ba, ya ba da umarni.

Kuma ku tambayi malamanmu na zaure da suka karanta Mukhtasar na Shehu Khalil, littafin da alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna hukunci da shi. Cikin waɗanda ya lissafa cewa lamuni yana kansu, har da wanda ya hura wuta a ranar da ake iska mai ƙarfi ta tafi ta yi ɓarna. Sama da shekara 600 ke nan da malaman Malikiyya suka rubuta wannan. Ba su ce iska ce ta yi ba. Sun ce wanda ya ga iska kuma ya hura wuta, shi ne mai laifi. To mu wa ya ba mu fatawar cewa a shafa fatiha a tashi?

Yafiya abu ne mai kyau, amma haƙƙin wanda aka zalunta ne, shi zai yi ta da son ransa bayan an tabbatar masa da haƙƙinsa. Idan aka tara dattawa aka matsa wa talaka ya ce ya yafe don kada a ce ya fasa zumunci, wannan danniya ce aka naɗa mata rawani. Kuma ita ce take koya wa yaran cewa baɗi ma su sake.

Dokar ƙasa ma tana nan. Tun 2011 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idojin hana ƙona daji da ƙone-ƙone a fili, ƙarƙashin hukumar NESREA. Mutum nawa a ƙauyukanmu suka taɓa jin labarinta? Dokar da ba a fassara ta da Hausa da Kanuri da Bade da Fulatanci an karanta a rediyo da kasuwa ba, tana nan ne kawai a takarda.

GA MASU MULKI DA MASU SARAUTA

Mun saba da tsari ɗaya. Wuta ta ci, a zo da motoci, a raba buhun shinkafa da tabarma da bargo, a yi hoto, a koma. Ba na raina taimako, wanda ya kwana a fili ya san darajar bargo. Amma wannan ihu ne bayan hari. Kuɗin da ake kashewa a jaje ɗaya zai share layin tare wuta mai tsawon gaske.

Ba sai mun je Amurka koyo ba. Mu leƙa maƙwabtanmu. A Jamhuriyar Nijar, a jihohin Damagaram da Diffa da Maraɗi da Tawa, duk ƙarshen damina akan fitar da mutane su share dogayen layuka a cikin makiyaya, faɗin kamar mita 15 zuwa 20, a kankare ciyawar tas, yadda idan wuta ta zo za ta rasa abin ci ta tsaya, ko ta rage ƙarfi har a iya kashe ta. Ana biyan matasa kuɗin aikin, ciyawar da aka kwashe kuma a adana ta ko a sayar da bazara. Manjagara ce da fartanya da amalanke. Wace fasaha ce a ciki da ta fi ƙarfin Machina ko Karasuwa? A ƙasar Maraɗi da Damagaram ɗin nan dai, manoma sun mayar da miliyoyin itatuwa gonakinsu ta hanyar barin tsiron da ya fito da kansa su yi masa sassabe. Ƙasarsu ba ta fi tamu ruwa ba.

Don haka ga abin da nake kira a yi, kuma ina so wannan ƙungiya tamu ta ɗauke shi a matsayin aikinta na bana.

Na farko, masarautun Nguru da Bade da Machina su yi shela ta bakin hakimai da lawanai da bulamai cewa daga Nuwamba zuwa saukar ruwa babu farauta da wuta, kuma sarakunan baka su tsaya a kan yaransu. Wanda ya sa wuta ta ci dukiyar wani, a ƙiyasta a gaban shaidu, shi ko iyayensa su biya. Biya ɗaya da za a yi a bainar jama'a ya fi wa'azi ɗari.

Na biyu, kowane ƙauye ya yi gayya kafin ciyawa ta gama bushewa, a share layi ta gefen arewa da gabas, inda iskar take fitowa, a kuma kewaye rumbuna da wuraren tara amfanin gona da fili tas. A gayyaci ardo da mutanensa, domin makiyayar tasu ce su ma. Ƙananan hukumomi su sa wannan a kasafinsu, su biya matasa. Yaron da aka biya ya share layi ba zai so ya ga an ƙone shi ba.

Na uku, manoma mu daina barin dami a gona mako da makonni. Wanda ba shi da amalanke a taimaka masa. Harawa da kara kada a jibge su jikin ɗakin kwana ko a wuri ɗaya duka.

Na huɗu, idan ƙona wani wuri ya zama dole, to da izinin bulama, da yamma bayan iska ta kwanta, an share kewayensa, da mutane a tsaye, kuma ba a tashi sai an rufe garwashin ƙarshe da ƙasa.

Na biyar, limamai su ba wannan magana huɗuba guda a farkon hunturu. Malaman makaranta su gaya wa yara. Ɗalibanmu na Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, da ma'aikatan shirin NEAZDP da ya daɗe yana aiki a yankin nan, za su iya tattara bayanin inda wuta ta fi tashi duk shekara. Hukumar NASA ta Amurka tana sa hotunan tauraron ɗan Adam na wuraren da wuta take ci a intanet kyauta, da wayar hannu ma ana dubawa.

Na shida, mu na cikin gari kada mu ɗauka ba ruwanmu. Kaskon jin ɗumi a ɗaki, jarkokin fetur a bayan ƙofa, tsofaffin wayoyin lantarki a kasuwa, rumfunan zana manne da juna, duk iskar ɗaya ce take jiransu. Mu nemi a tabbatar motocin 'yan kwana-kwana suna da ruwa da mai tun kafin a buƙace su, mu kuma daina gina rumfa a kan hanyar da za su bi.

Kuma don Allah a gaya wa yara da mata masu zuwa itace: idan wuta ta taso, ba a gudu a gabanta ta inda iska take nufa, domin ta fi mutum sauri. A ratse gefe, a nemi fili marar ciyawa ko inda ta riga ta cinye. Masu kashewa su bi ta gefe da baya, kada su tare ta gaba da gaba. A kwance dabbobin da ke turke tun da wuri. Dukiya ana mayarwa, rai ba a mayarwa.

Na san wani zai rubuto a ƙasa ya ce wannan duk surutu ne, an saba, haka aka taso aka gani. To kawuna ma haka ya taso ya gani, kuma bai hana shi rasa shanunsa ba. Waɗancan samari biyar suna nan, wasunsu sun yi aure, suna noma. Ina roƙon Allah kada Ya nuna musu abin da suka nuna masa. Amma idan muka ci gaba da rufa-rufa, wata rana ba gero za mu ƙirga ba.

Duk wanda ƙauyensu ya shirya gayyar share layin wuta, ya sanar a wannan shafi, mu da muke gari mu kawo gudummawar manjagara da ruwan sha da abin da ya sauwaƙa. Wanda kuma yake ganin na yi kuskure a wani wuri, ga fili nan, ya kawo hujjarsa.

Allah Ya tsare mana rayukanmu da dukiyoyinmu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, Ya ba shugabanninmu ikon tsayawa a kan gaskiya. Amin.